Ƙuruciya dangin hauka, amma ba ga kowane yaro ba

Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce na kira yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ke tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, don mu yi barka da Sallah. Kiran bidiyo ne, sai na faɗa tsakiyar rigimar gida ban shirya ba. Ɗansa na biyu, mai shekara goma sha ɗaya, na tsaye a bakin ƙofa ya kumbura baki, ido ya ciko da ƙwalla. Wani abokin uban ne ya ba shi goron Sallah, bindigar ruwa ta roba, baƙa wuluk. Uban ya karɓe ya ɗora can saman kabad.

"Baba, ta ruwa ce fa," in ji yaron, da Hausarsa da ta fara karyewa.

"Na san ta ruwa ce. Ni na sani, kai ka sani. Wanda zai hango ka daga cikin mota fa?"

Na sa baki na ce, "Haba Yaya, yau Sallah, bar yaro ya yi wasansa mana." Ya juyo da wayar ya ƙura mini ido, ya ce, "Kai kana gida, ba ka san garin ba." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Abin ya tsaya mini a rai saboda na san mutumin. Shekarun baya in ya zo ganin gida, aka zauna hira a ƙofar gida bayan isha'i, aka ɗauko zancen baƙaƙen fatar Amurka da 'yan sanda, shi ne kan gaba wajen cewa su suke jawo wa kansu. Ba tarbiyya, ba sa son aiki, wando a zazzage, ga shaye-shaye. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Mu da muka je neman halal ba wanda ya taɓa mu. Na ji irin wannan magana a bakin mutanenmu da dama, waɗanda suka je da waɗanda ko filin jirgi ba su taɓa takawa ba. A lokacin yaransa suna goye. Yanzu babban ya kere shi tsawo, Turancinsa irin na 'yan unguwa, rigarsa mai hula irin ta kowane saurayi a layin. Ba wanda zai dube shi a titi ya san ana karatun Alƙur'ani da asuba a gidansu.

Yaron da yayana yake tunawa, ko da bai ambaci sunansa ba, Tamir Rice ne. Ranar 22 ga Nuwamba 2014, a birnin Cleveland na jihar Ohio, Tamir na wasa a wani filin shaƙatawa da bindigar wasa mai harba 'yan ƙwallayen roba. Gaskiya ne ta yi kama da ta gaske, don an cire ɗan bakin nan mai launin lemo da ake gane ta wasa da shi. Wani mutum ya kira 'yan sanda, amma ya faɗa musu cewa mai yiwuwa ta bogi ce, kuma mai yiwuwa yaro ne. Wannan ɓangare na saƙon bai isa kunnen waɗanda aka tura ba. Motarsu ta hau ciyawa ta tsaya daf da shi, cikin daƙiƙa biyu an harbe shi a ciki. 'Yar'uwarsa mai shekara goma sha huɗu ta rugo, aka kayar da ita, aka sa mata ankwa, aka jefa ta bayan mota, ƙanenta na kwance a ƙasa. Washegari ya cika. Ba a gurfanar da ɗan sandan ba. Hukumar birnin ta biya iyalin diyyar dala miliyan 6.

Akwai abu ɗaya a labarin da ba kasafai ake kula da shi ba. Da ɗan sanda ya kira ofis ta rediyo bayan harbin, sai ya ce wanda ke kwance baƙar fata ne, wataƙila ɗan shekara ashirin. Tamir shekararsa goma sha biyu.

A nan nake ganin tushen matsalar yake, fiye da zancen ɗan sanda nagari da mugu. Mu Hausawa mun ce ƙuruciya dangin hauka ce, kuma ba zagi ba ne, uzuri ne. Ma'anarta, in yaro ya yi wauta a tuna hankalinsa bai gama nuna ba, a tsawata masa, a ja masa kunne, a bar shi ya girma. Kowace al'umma na da irin wannan rangwame ga 'ya'yanta, har Amurka. Sai dai a can rangwamen na da launi. Ɗan farar fata mai shekara goma sha bakwai yaro ne da ya yi kuskure. Ɗan baƙar fata mai goma sha biyu ƙato ne da ya kamata a ji tsoronsa.

Ba zato nake ba. A 2014 wani masanin halayyar ɗan Adam, Phillip Atiba Goff, da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike inda suka nuna wa ɗaliban jami'a da 'yan sanda hotunan yara maza, suka ce a kintaci shekarunsu. In aka ce yaron ana zarginsa da babban laifi kuma baƙi ne, sai a ƙara masa kusan shekara huɗu da rabi a kan shekarunsa na gaskiya. Wato ɗan goma sha uku da rabi ya zama baligi a idon mai kallo. Sun kuma gano cewa har zuwa shekara tara ana kallon yara duka a matsayin marasa laifi, amma daga shekara goma sai a fara janye wa baƙar fata wannan kyakkyawan zato. Ɗan yayana ya wuce goma da shekara ɗaya.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Ethan Couch, ɗan masu kuɗi, farar fata, a jihar Texas. A 2013, yana da shekara goma sha shida, ya yi tatul da giya ya ɗauki motar kamfanin babansa ya take mutum huɗu har lahira. A kotu aka kawo masani ya ce gata ne ya lalata shi, iyayensa ba su taɓa nuna masa cewa laifi na da sakamako ba. Alƙaliya ta yanke masa ɗaurin talala na shekara goma da zuwa gidan gyaran hali. Sai daga baya, da ya karya sharuɗɗan ya tsere Meziko, sannan ya ɗanɗani kurkuku na kusan shekara biyu. Ni ba na cikin masu cewa da an rataye shi. Alƙaliyar ta dubi yaro ta ga yaro, kuma haka ya kamata. Tambayata ita ce ina wannan idon yake shiga in aka kawo Kalief Browder.

Labarin Kalief shi ya fi ci mini rai, wataƙila don ba bindiga a cikinsa, ba bidiyon daƙiƙa biyu. Takardu ne kawai da ɗage zama. A watan Mayu 2010, a wannan Bronx ɗin da yayana ke zaune, Kalief na da shekara goma sha shida, yana dawowa daga wani biki da dare, 'yan sanda suka tare shi. Wani mutum ya ce ya ƙwace masa jakar goyo. Aka caje shi ba a sami komai ba. Mai ƙarar ya ce ai ba yau ba ne, makonni biyu da suka wuce ne. Aka tafi da shi caji ofis. Da yake yana ƙarƙashin ɗaurin talala kan wata tsohuwar wauta, ta ɗaukar motar kai burodi a zaga gari da ita, alƙali ya sa belinsa dala 3,000. Gidansu ba su da ita. A lokacin kuma New York na cikin jihohi biyu kacal da ke ɗaukar ɗan shekara goma sha shida a matsayin babba kai tsaye a gaban shari'a. Sai aka wuce da shi kurkukun tsibirin Rikers.

Ya yi shekara uku a can ba a yi masa shari'a ba. Kusan biyu daga cikinsu a ɗakin kaɗaici, shi da bango, kusan sa'a ashirin da uku a yini. Daga baya bidiyo ya fito ana ganin gandiroba ya maka shi da ƙasa hannuwansa a ɗaure, wani bidiyon kuma gungun fursunoni sun rufar masa da duka. An kai shi kotu sau kusan talatin, ana mayar da shi. Ta yaya hakan ta yiwu a jihar da doka ta ce a shirya shari'ar babban laifi cikin wata shida? Dabarar mai sauƙi ce. Mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce bai shirya ba, a ba shi mako ɗaya. Kotu a cunkushe take, sai a sa rana bayan wata ɗaya ko biyu. A lissafin doka mako ɗayan nan kaɗai ake ƙirgawa. Haka wata shida ya miƙe ya zama shekara uku, kuma a takarda ba wanda ya karya doka.

Duk tsawon wannan lokaci ƙofa ɗaya ce a buɗe: ya amsa laifi. A 2013 ma alƙaliya ta ce masa in ya amsa ƙananan laifuffuka biyu, zaman da ya yi ya isa, ya tafi gida. Yaron da ya yi ta ƙoƙarin kashe kansa a cikin ɗakin nan ya ce a'a, bai ɗauki jakar ba. Bayan 'yan watanni aka kori ƙarar, don mai ƙarar ya bar ƙasar tuntuni. Aka sake shi ba ko sannu. Ya koma karatu, ya yi ta fama, amma kan ya riga ya taɓu. A watan Yuni 2015 ya rataye kansa a gidan mahaifiyarsa, yana da shekara 22. Uwar ba ta daɗe ba ta bi shi.

Kalief ya fita daban ne saboda ya ƙi. Mafi yawa ba sa ƙi, kuma wa zai ga laifinsu? Fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ba a zaman shari'a ake yanke su ba, ciniki ake tsakanin lauya da mai gabatar da ƙara: amsa wannan a rage maka wancan. Yaron da iyayensa ke da kuɗin beli yana gida, yana zuwa makaranta, lauyansa na jan shari'ar har a gaji a kore ta. Wanda ba su da shi yana tsare, ko yaushe aka miƙo masa takarda zai sa hannu don ya kwana a gadonsa. Daga ranar sunansa ya shiga kundin masu laifi. Tambarin zai bi shi wurin neman aiki, wurin neman haya, a wasu jihohin har rumfar zaɓe. In an sake kama shi kuma, ai tsohon mai laifi ne, hukuncin ya ninku. Bayan shekaru sai wani ya buɗe kundin ya ƙirga, ya ce kun gani, su ne masu laifi. A ƙididdigar 2021 yiwuwar a tsare yaro baƙar fata a gidan kangararru ta kusa ninka ta farar fata sau biyar, kuma baƙaƙe, da ba su wuce kashi 13 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna gidajen yari.

Kafin a kai ga kotu ma, sai an fara tambayar wa ake tarewa. Mai kamun kifi inda ya jefa koma nan zai kama. A 2011 kaɗai 'yan sandan New York sun tare mutane a titi sau 685,724 suna yi musu tambayoyi, da yawa har da lalube. Da aka kai maganar kotun tarayya, alƙaliya Shira Scheindlin ta duba tarewa miliyan 4.4 da aka yi daga 2004 zuwa 2012. Kashi 52 cikin ɗari baƙaƙe ne, a birnin da ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Farare kashi 10. Kashi 88 na waɗanda aka tare an sallame su ba kamu ba sammaci, wato ba su yi komai ba. Abin da ya fi ban mamaki, an fi samun makami a jikin fararen da aka tare fiye da baƙaƙen. A watan Agusta 2013 ta yanke cewa yadda ake aikin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Masu kare shi suka yi ta kururuwar cewa gari zai kama da wuta. Tarewar ta faɗo zuwa dubu goma sha wani abu a shekara, kisan kai kuma ya sauka daga 515 a 2011 zuwa 292 a 2017. Michael Bloomberg, magajin garin da ya tsaya kai da fata a kan tsarin, ya fito ya nemi afuwa a 2019, lokacin da yake shirin neman shugabancin ƙasa, abin da ya sa ban ba afuwar wani nauyi ba.

Ka ɗauki kanka a matsayin saurayi ɗan goma sha biyar da aka jingina da bango a gaban 'yan ajinsu, aka zazzage masa jaka a ƙasa, sau uku a shekara ɗaya, bai yi komai ba. Karo na huɗu in ya hango motar 'yan sanda ya ruga, sai a ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Haka zancen tabar wiwi. Binciken gwamnatin Amurka kanta ya nuna baƙi da fari kusan daidai suke shanta, amma rahoton ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na 2013 ya nuna an fi kama baƙar fata da laifin mallakarta kusan ninki huɗu. Ɗan jami'a na busa tasa a ɗakin kwanan ɗalibai, inda ba a sintiri. Ɗan unguwa na busa tasa a bakin bene, inda motar sintiri ke wucewa sau goma. Masu bincike a jami'ar Stanford kuma sun tattara bayanan tare motoci kusan miliyan 100, suka ga kason baƙaƙen direbobi da ake tarewa yana raguwa da zarar duhu ya shiga, lokacin da ɗan sanda ba ya iya ganin fuskar mai tuƙi daga nesa. A garin Ferguson na jihar Missouri, inda ɗan sanda ya harbe Michael Brown, baƙar fata mai shekara goma sha takwas a 2014, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta gano cewa hukumar garin ta mayar da 'yan sanda masu tara mata kuɗin shiga ta hanyar tara. Baƙaƙe kashi 67 ne na garin, amma su ne kashi 93 na waɗanda ake kamawa.

Na san abin da yayana na da zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Zai ce to laifin fa, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne. A wasu unguwannin baƙaƙe na Shikago da Baltimore ana harbe-harbe na gaske, kuma kusan rabin mutanen da ake kashewa a Amurka a shekara, ko ma fiye, baƙar fata ne, galibi samari, galibi a hannun samari 'yan'uwansu. Wanda ya ce duk ƙage ne bai yi wa iyayen waɗannan gawarwaki adalci ba. Amma a dubi yadda abin ya kasu. Unguwar da ake lalube yaro don ƙullin wiwi ita ce unguwar da ake kashe mutum a kasa gano wanda ya kashe shi. An cika musu 'yan sanda a kan ƙaramin abu, an bar su a kan babba. Kuma biyun a haɗe suke: yaron da aka wulaƙanta jiya ba zai zo ya ba da shaida yau ba, in ba shaida ba hukunci, in ba hukunci kowa ya nemi bindigarsa. Ban da haka, yawan laifi a wata unguwa bai bayyana dalilin da ya sa mutum biyu masu laifi iri ɗaya za su sami hukunci daban ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Warin kuma tsoho ne. Gyaran tsarin mulki na goma sha uku da ya haramta bauta a 1865 ya bar kafa ɗaya: ban da wanda aka yanke wa hukuncin laifi. Jihohin kudu ba su ɓata lokaci ba, suka kafa dokokin da suka mai da zaman banza laifi ga 'yantattun bayi, a kama su a ba da hayarsu ga gonaki da ma'adinai. A 1944 jihar Carolina ta Kudu ta ɗora George Stinney, ɗan shekara goma sha huɗu, a kujerar lantarki, bayan shari'ar yini ɗaya da masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka gama shawara cikin kusan minti goma. Sai a 2014, bayan shekara saba'in, kotu ta soke hukuncin. A 1986 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ce giram 5 na hodar iblis ta dunƙule, mai arha, wadda aka fi kama baƙaƙe da ita, daidai yake da giram 500 na ta gari, ta masu hannu da shuni: kowanne ɗaurin shekara biyar ba ragi. Sinadari ɗaya, hukunci ninki ɗari. Sai 2010 aka rage ratar zuwa ninki 18, ba a ma share ta ba. A 1995 kuma wani farfesa, John DiIulio, ya yi hasashen cewa wani ayarin yara marasa imani na nan tafe da za su addabi ƙasar. 'Yan siyasar jam'iyyun biyu suka ɗauka, kusan kowace jiha ta sassauta hanyar kai yaro kotun manya. Ayarin bai zo ba, laifin yara ma raguwa ya yi, farfesan ya janye maganarsa, amma waɗanda aka ɗaure suna ciki.

A cikin wannan iska aka kama yara biyar a 1989, huɗu baƙaƙe, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, masu shekara goma sha huɗu zuwa sha shida, da zargin yi wa wata mata fyaɗe da dukan kawo wuƙa a lambun Central Park na birnin New York. Aka tsare su sa'o'i ana matsa musu har suka amsa. Gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗayansu ba, duk da haka aka ɗaure su. Donald Trump, yana ɗan kasuwa a lokacin, ya sayi cikakken shafi a jaridun birnin yana kiran a dawo da hukuncin kisa. A 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya aikata, gwaji ya tabbatar. Babbansu, Korey Wise, ya riga ya share kusan shekara goma sha uku a kurkukun manya. Birnin ya biya su dala miliyan 41 a 2014. Ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, Musulmi ne, a 2023 mutanen unguwar Harlem suka zaɓe shi kansila a majalisar birnin da ya ɗaure shi.

Kada a ɗauka ciwon Amurka ne kaɗai. A Landan, a 2020, 'yan sanda mata suka shiga wata makaranta a unguwar Hackney suka tuɓe wata yarinya baƙar fata mai shekara goma sha biyar tsirara, tana cikin al'ada, ba wani babba nata a wurin, don malamai sun ce sun ji warin wiwi. Ba a sami komai ba. Binciken hukuma da ya fito a 2022 ya ce da wuya a yi mata haka in da ba baƙa ba ce.

Mai karatu zai ce, malam, laifi tudu ne, ka taka naka kana hango na wani. Na yarda. A gidajen yarin Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke, kuma duk wanda ya taɓa zuwa belin ƙanensa da aka kwasa a samame ya san Kalief ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma a nan ɗan talaka ake kwasa, ɗan mai hali waya ɗaya ta isa. A can kuɗi da tarbiyya da digiri duk suna taimakawa a kotu, sai dai ba a ganinsu daga cikin motar sintiri. Amadou Diallo ba ɗan daba ba ne. Ɗan Gini ne, Musulmi, mai talla a bakin titi, yana tara kuɗin karatu, irin mutanenmu sak da suka je neman halal. Daren 4 ga Fabrairu 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkare shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Kotu ta wanke su duka huɗun. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma ban ga amfanin Bahaushen Bronx ko na Landan ya riƙa jin ya fi jikokin bayi daraja ba, alhali fafutukarsu ce ta buɗe ƙofar da ya shiga, kuma da ido ɗaya ake kallon ɗansa da nasu.

Abubuwa sun ɗan motsa, ba zan hana ba. Kotun ƙolin Amurka ta haramta hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi yana ƙasa da shekara goma sha takwas a 2005, ta kuma hana tilasta ɗaurin rai da rai ba sassauci ga yara a 2012. Barack Obama ya hana sa yara a ɗakin kaɗaici a gidajen yarin tarayya a 2016, ya ambaci Kalief da suna. New York ta ɗaga shekarun shiga kotun manya zuwa goma sha takwas a dokar 2017, ta soke belin kuɗi a yawancin ƙananan laifuffuka a 2019, ko da yake tun daga nan ake ta yi wa dokar gyaran fuska ana mayar da hannun agogo baya. In aka lura, gyare-gyaren da suka yi tasiri ba na wa'azi ba ne, ba na tara 'yan sanda a ɗaki a koya musu son juna ba. Na cire dama ne: kada a tare mutum ba dalili, kada talauci ya zama dalilin kwana a kurkuku, kada a kai yaro inda manya suke. Ba wanda ya iya gyara abin da ido ke gani cikin daƙiƙa biyu, amma ana iya rage yawan wuraren da ran yaro zai rataya a kan wannan ganin.

Bindigar ruwan nan tana gidana yanzu. Bayan wata biyu wani ɗan unguwarmu ya dawo daga can, yayana ya cusa ta cikin tsarabar da ya aiko, tsakanin turare da takalman yara, ba ko takarda. Ɗana mai shekara tara ya gaje ta. Kullum da la'asar yana cika ta a randa ya fita layi, ya jiƙa awaki, ya jiƙa 'yan tallan gyaɗa suna zaginsa. Rannan ya saita ɗan sandan da ke haya a gidan da ke kallon namu, yana dawowa daga aiki, ya tsiyaya masa ruwa a gadon baya. Mutumin ya juyo a fusace, ya ga ko wane ne, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai, ja'iri, zan haɗa ka da babanka." Da na ba yayana labarin a waya bai yi dariya ba. Ya ce in gaishe da yaran, fasinja na jiransa.